Abincin daji ba na shekarar yunwa kaɗai ba ne

Jama'ar Kelle da kewaye, maza da mata masu karatun yaƙi da jahilci, yau maganarmu a kan tukunya take, da abin da muke zubawa cikinta.

Ku dubi ranar kasuwa. Magidanci yakan sayar da tiya biyu ko uku na hatsi. Da kuɗin sai ya sayi shayi da sukari, da dunƙulen magi, da taliya, da alawa ta yara. Kafin kasuwa ta kewayo kuɗin sun ƙare. Kafin damina ta kai tsakiya rumbu ya yi ƙasa, sai cin bashi. Alhali kuwa a bakin gonarsa akwai itatuwa masu ba da abinci kyauta, ya wuce su bai dube su ba. Me ya sa? Kunya. An ɗauka cewa mai cin abin daji matsiyaci ne.

Wannan kunya tana da asali. A farin 1973 da na 1984, da yunwar 2005, mutane da yawa a ƙasar Gure da Tanut da hanza suka rayu. Tun daga nan wanda ya ga hanza sai ya tuna da wahala. Amma ku yi tunani. Ƙasarmu ta yashi ce, ruwan sama kaɗan ne, wata shekara ya zo, wata shekara ya ƙi. Itacen da ya tsaya kore lokacin da hatsi ya ƙone, ya ciyar da iyayenmu, shi ne ya cancanci raini?

Hanza, wadda wasu ke kira anza, ba ta bukatar ban ruwa ko taki. Ƙwayarta tana da abin gina jiki, irin wanda muke nema a wake. Sai dai akwai sharaɗi babba, kowace uwa ta riƙe shi. Ɗanyar ƙwayar tana da ɗaci mai cutarwa. Dole a ɓare ta, a jiƙa ta kwanaki, ana zubar da ruwan ana sa sabo, har ɗacin ya fita sarai, sannan a dafa. Kada a yi gaggawa. Kada a ba yaro wadda ba ta gama jiƙuwa ba. Tsofaffin mata sun san wannan aiki ciki da waje. Ƴan mata su zauna kusa da su su koya tun suna da rai.

A birnin Damagaram akwai wata masana'anta, Sahara Sahel Foods, da aka buɗe a 2014. Tana sayen hanza da aduwa da magarya daga hannun matan ƙauye, ta gyara su, ta sayar wa mutanen birni. Abin da muke ɓoyewa idan baƙo ya shigo, ga shi an sa a kanti da kuɗinsa.

Sauran itatuwan ma haka. Aduwa a sha ta, a fasa ƙwallonta a tatsi mai, a ci ganyenta. Magarya a daka ta a yi akuri, ya fi alawar kanti amfani ga yaro. Ganye kore, irin su zogale da tafasa da yaɗiya, yana taimakon jini, yana kuma kare ido daga dundumi, wato rashin gani da almuru, wanda ke kama yara da mata masu ciki. Magi galibi ɗanɗano ne da gishiri. Gishiri mai yawa kuwa yana tayar da hawan jini. A shanya ganye a inuwa lokacin damina, a ajiye don rani. Rana mai zafi tana rage amfaninsa.

To, amma ba a cin ƴaƴan itacen da aka sare. Nan ne aikin maza yake. A 1983, a ƙasar Maraɗi, wani mutumin Ostareliya mai suna Toni Rinodo ya lura cewa kututturan da ke gonaki ba matattu ba ne. Saiwarsu tana raye a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara suna tohowa, kowace shekara muna sassabe su. Dabarar ba ta cin ko dala. Lokacin sharar gona, a kowane kututture a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse sauran da wuƙa mai kaifi, a kare su daga awaki. Shi ke nan. Manoma da kansu suka yaɗa ta, musamman a Magarya da Matamai da Mirya, inda gawo ya cika gonaki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka Nijar ta samu itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. A 2020 kuma gwamnati ta fitar da doka wadda ta amince cewa manomin da ya raini itace a gonarsa yana da hakkin amfani da shi.

Ga mu nan gindin duwatsun Kutus, inda iska ke kwashe ƙasa tana binne shuka, itace a gona katanga ne. Gawo kuwa yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa hatsi rana. Ganyen ya zama taki, ƴaƴansa su zama abincin bisashe da rani. Mace ta samu icen girki kusa, ta huta da doguwar tafiya da kaya a ka.

A Turai da Amurka akwai masu kuɗi da suka gaji da tara kaya. Suna rage abin da suke saye, suna fita daji neman natsuwa, har suna rubuta littattafai a kai. Mu muna da sunan abin tun da daɗewa: wadar zuci. Ban ce talauci abin so ba ne. Magani da sabulu da kuɗin karatun yara wajibi ne, kuma marar lafiya asibiti za a kai shi, ba gindin itace ba. Abin da nake cewa shi ne a rarrabe bukata da sha'awa, don kuɗin su je inda ya kamata.

Malaman ajin manya, wannan mako ku sa kowane ɗalibi ya rubuta sunayen itatuwan da ke gonarsa, da abin da ake ci daga kowanne, da watan da yake nuna. A kawo takardun aji, a karanta wa juna kafin a fara sharar gona.