Kujerar fata a motar alfarma: wace irin fata ce, kuma mene ne hukuncinta?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai tambayar da ke yawan zuwa mana a nan Ayigya Zango, daga matasanmu masu sayo motoci ta tashar jiragen ruwa ta Tema da kuma masu gyara a Suame Magazine. Suna cewa: "Malam, kujerar wannan mota ta fata ce, daga Turai ko Amurka ta fito, ba mu san wace dabba ba ce, ba mu san yadda aka kashe ta ba. Ya halatta mu zauna a kai da tufafin salla? Ya halatta mu sayar?" Malaman Usulu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi, don haka sai mu fara da sanin kujerar kanta.

Kusan duk fatar da ake sa wa kujerun mota ta shanu ce. Da yake fatar sa tana da kauri, a masana'anta ana tsaga ta gida biyu. Ɓangaren sama, inda gashi ya tsiro, shi ne mai ƙarfi da tsada. Idan ba shi da tabo sai a bar fuskarsa yadda Allah Ya halicce ta, a rina shi, a shafa masa kariya kaɗan. Irin wannan ne mai laushin nan da ake kira Nappa a manyan motocin Mercedes da BMW da Audi. Idan yana da tabo sai a goge fuskar, a cike ramukan, a buga masa zanen fata da ƙarfe mai zafi, sannan a rufe shi da fenti mai kauri. Ɓangaren ƙasa kuwa ba shi da fuska sam, sai an lulluɓe shi da roba kafin ya yi kama da fata, kuma shi ke saurin tsagewa. Duka ukun dillali zai kira su fata, bai kuma yi ƙarya ba, amma tazarar da ke tsakaninsu a kuɗi da ƙarko babba ce. Kamfanin Rolls-Royce ya shahara da zaɓen fatun bijimai, domin fatar saniya tana miƙewa saboda ciki, kuma yana nemo su daga wurare masu sanyi a Turai inda ƙwari masu cizo ba su da yawa.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne, da yawa daga kujerun da muke tambaya a kansu ba su taɓa zama jikin dabba ba. Mercedes na da nata da take kira MB-Tex da Artico, BMW na da SensaTec, Lexus na da NuLuxe, Toyota na da SofTex. Duka roba ce da aka shimfiɗa a kan yadi. Alcantara, mai laushi kamar cikin jemammiyar fata, wanda ake sa wa motocin tsere, zaren roba ne da ake sarrafawa a Italiya. A 2021 kamfanin Volvo ya sanar cewa sababbin motocinsa masu aiki da lantarki zalla ba za su zo da fata ba. Ko motar da takardunta suka ce kujerar fata ce, sau da yawa wurin zama da wurin jingina ne kawai na fata, gefe da baya roba ne. 'Yan'uwanmu na Najeriya suna ce wa irin wannan roba "leda", alhali kalmar ta samo asali ne daga sunan fata a Turanci. Harshe ma ya shiga cikin ruɗanin.

To, idan roba ce babu sauran magana, tsarkakakkiya ce. Idan fata ce ta dabbar da aka yanka yankan Shari'a, ita ma babu saɓani. Wurin bincike shi ne fatar mushe da aka jeme. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wata tunkiya da ta mutu, wadda aka ba wata baiwar Maimuna sadaka, ya nuna musu cewa da sun ɗauki fatarta sun jeme sun amfana da ita, domin cin namanta ne aka haramta. A kan wannan da makamantansa Hanafiyya suka ce jima tana tsarkake fatar kowace dabba in ban da alade, Shafi'iyya suka ce in ban da alade da kare. Ba a kuma shardanta bagaruwa irin ta majemanmu ba; duk abin da ya kawar da danshin fata da warinta ya hana ta ruɓewa jima ne, har da gishirin kuromiyam da ake jeme mafi yawan fatun duniya da shi a yau.

Mazhabarmu ta Malikiyya ta fi tsanantawa. Mashhurin zance, kamar yadda ɗalibai suka karanta a Risala da Mukhtasar na Khalil, shi ne jima ba ta mai da fatar mushe mai tsarki, sai dai an yi rangwamen amfani da ita a busassun abubuwa da kuma ruwa, ban da fatar alade. Ba a salla a kanta, ba a sayar da ita. Ibn Rushd a Bidayatul Mujtahid ya kawo cewa akwai ruwaya ta biyu daga Imam Malik da ta dace da ta Shafi'i. Saboda haka zama a kan kujerar halal ne ko a mashhurin zance, kuma ba ya ɓata tufafi, balle ma abin da jiki ke taɓawa shi ne fentin da aka rufe fatar da shi. Matafiyin da zai yi nafila a zaune cikin mota, in yana son fita daga saɓani, sai ya shimfiɗa darduma. Game da ciniki, abin da muke gani shi ne mota aka saya, kujera mabiyiya ce, kuma hadisin Ibn Abbas yana ƙarfafa masu cewa jemammiyar fata ta tsarkaka. Fatar alade an fi samunta a cikin takalma da safar hannu, ba a kujerun mota ba, kuma ana gane ta da ƙananan ramukan gashi da ke taruwa uku-uku.

Inda muka fi jin tsoro ga 'yan'uwa ba wurin tsarki ba ne, wurin ciniki ne. Mota ta zo kujerunta sun yage, a kai wa mai ɗinki ya lulluɓe su da robar kasuwa, sannan a ce wa mai saye "fatar kamfani ce". Wannan algus ne, irin wanda Annabi (SAW) ya hana mai sayar da abinci lokacin da ya sa hannu cikin tsibinsa ya ji danshi a ƙasa. Wanda aka shardanta masa fata aka ba shi roba yana da haƙƙin mayar da mota ya karɓi kuɗinsa. Roba ba aibi ba ce, mai kyau a cikinta tana jure ranar Kumasi da danshin damina fiye da fata mai arha. A dai faɗa wa mutum abin da yake saye. Mai saye shi ma ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya ɗaga bakin ɗinki: bayan fata gaza-gaza ne, bayan roba kuwa yadi ne saƙaƙƙe. Kada ya dogara da ƙamshi, ana sayar da turarensa a kwalba.

Wani ɗalibi ya taɓa tambayarmu me ya sa ba a yin waɗannan kujeru da fatunmu, ga shi kakanninmu sun riƙa kawo kayan dukanci Salaga suna musaya da goron Asante, ga kuma fatar jar akuyar Sakkwato da Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko. Amsar tana jikin shanunmu. Kaska ta ciza, ƙaya ta karta, an yi lalas, sannan wuƙar mai fiɗa ta huda, alhali kujerar mota tana buƙatar faffaɗan yanki marar tabo. Abin da ya tsira kuma, a nan Ghana, mafi yawa ana babbake shi ne ya zama ganda, wato wele, a ci da wake da shinkafa. Ko fatun layya da muke tarawa a masallatai, in ba a sa musu gishiri ba a yinin da aka feɗe su, kafin su isa hannun majemi sun fara lalacewa.

Wanda Allah Ya hore masa mota mai kujerar fata, ya nema mata inuwa, ya riƙa goge ta da tsumma mai ɗan danshi, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ɗinki, kuma ya nisantar da ita daga fetur da kananzir, domin suna cinye fentin da ke kare ta.

Allah ne Mafi sani.