Gobara da Aikin 'Yan Kwana-kwana a Kano: Daga El-Duniya Zuwa Masana'antun Challawa

Gabatarwa

Bahaushe ya bambanta wuta da gobara. Wuta ita ce wadda mutum ya hura da hannunsa don girki ko jin ɗumi ko ƙira, kuma yana da iko a kanta. Gobara kuwa ita ce wutar da ta ƙwace, ta shiga cin abin da ba a ba ta ba. Saboda haka ne ake yi wa wanda gobara ta shafa jaje kamar yadda ake yi wa wanda ɓarayi suka shiga gidansa, a kai masa gudummawar tufa da hatsi da kuɗi. Wannan babi zai dubi yadda aikin kashe gobara ya samo asali, da wasu daga cikin manyan gobarar da aka yi a Kano, sannan ya tsaya a kan unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa, inda gobara take da wata siffa dabam da ta gida ko ta kasuwa.

Kafin zuwan motar kwana-kwana

A zamanin da, kashe gobara aikin gayya ne. Da an ji kururuwa, sai maƙwabta su fito da tulu da ƙwarya da guga, wasu su nufi rijiya, wasu kududdufi, wasu kuma su yi ta watsa ƙasa. Masu dabara sukan yi sauri su kwance dannin kara da zana da ke tsakanin gidaje, domin wutar ta rasa abin da za ta bi ta ƙetara. Ginin ƙasa da rufin azara irin na cikin birni ba ya saurin kamawa, amma ɗakin ciyawa da rumbu da tarin kara, musamman a lokacin hunturu da iska ke kaɗawa kuma komai ya bushe, ba su da wuyar tashi. Har yanzu watannin sanyi su ne aka fi fargaba, domin a lokacin ne ake shiga ɗaki da kaskon wuta, a kuma bar abin dafa ruwa a jone.

Tsararren aikin kashe gobara ya daɗe a duniya. Sarkin Rum Agustus ya kafa rundunar masu gadin dare da kashe wuta tun shekara ta 6 Miladiyya, kuma birnin Edinbara na ƙasar Sukotlan ya kafa tasa rundunar a 1824. A Nijeriya aikin ya faro ne daga Legas a farkon ƙarni na 20, a matsayin wani sashe na 'yan sanda. Sai a 1963 aka yi dokar da ta tsayar da Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya da ƙafafunta. Da aka ƙirƙiro jihohi a 1967, ciki har da Jihar Kano, sai ya zamana kowace jiha ita ke ɗaukar nauyin tata hukumar. Ke nan a Kano akwai hukumar jiha, akwai reshen ta tarayya, sannan akwai rundunar da ke filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Jama'a dai ba su cika bambantawa ba, duk wanda ya zo da jar mota da jiniya, ɗan kwana-kwana ne.

Gobarar El-Duniya

Babu gobarar da ta zauna a zukatan tsofaffin Kano kamar ta gidan siliman El-Duniya, wadda ta auku ranar 13 ga Mayu, 1951, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Mutum 331 ne suka rasu daga cikin kimanin 600 da suka shiga kallo. Wutar ta tashi ne daga ɗakin da ake haska fim. Faifan fim na wancan zamani ana yin sa ne da wani sinadari mai suna naitiret, wanda idan ya kama wuta yakan ci da tsananin sauri, kuma ko an zuba masa ruwa ba lalle ya mutu ba, domin yana ɗauke da iskar da wutar ke buƙata a jikinsa. Abin takaici shi ne a daidai waɗannan shekaru ne kamfanonin duniya suke daina yin irin wannan faifai, suna komawa ga wanda ba ya saurin kamawa.

Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa kwamitin bincike, kuma a gari an yi ta maganganu iri-iri, domin dama malamai da dattawa da yawa suna ƙyamar silima. Sai dai abin da ya kamata mai nazari ya lura da shi shi ne yawan waɗanda suka rasu. Fiye da rabin mutanen da ke cikin ginin ba su fita ba. Idan ɗaruruwan mutane suka taso gaba ɗaya cikin duhu da hayaƙi suka nufi ƙofa, to faɗin ƙofar da yadda take buɗewa su ne ke yanke wa kowa hukunci, tun kafin motar kwana-kwana ta baro tasharta.

Kasuwanni

Lokacin gobarar El-Duniya mutanen Kano da kewayenta ba su kai 150,000 ba. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka yi babban birnin sun kusa miliyan 3. Kasuwanni sun cika sun batse, an mayar da hanyoyin da aka bari don wucewa sun zama rumfuna da tebura da kwantena. Kantin Kwari ta yi babbar gobara a 2010. A 2016 kuwa abin ya zo a jere: kasuwar Singa ta kama a watan Fabrairu, sannan ranar 26 ga Maris kasuwar Sabon Gari, wadda aka sa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi, ta tashi cikin dare. An ƙiyasta shaguna kimanin 3,800 ne suka ƙone. A watan Yuni na 2025, ranar Babbar Salla, kasuwar waya ta Farm Centre ita ma ta yi asarar ɗaruruwan shaguna.

Galibin gobarar kasuwa dukiya take ci, ba rayuka ba, saboda takan tashi ne da dare ko ranar hutu. Bayan kowace ɗaya akan ji ƙorafi iri guda. 'Yan kasuwa su ce 'yan kwana-kwana sun makara ko sun zo ba isasshen ruwa, su kuma ma'aikatan su ce sun iso amma ba su sami hanyar shiga ba, ga cincirindon 'yan kallo da masu neman abin sata. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Motar kashe gobara lita dubu kaɗan take ɗauka, kuma idan aka buɗe mesa sosai, cikin 'yan mintoci tankin zai ƙare. A biranen da aka tsara, akwai bakin famfo na musamman a gefen titi da mota za ta jona ta ci gaba da aiki. Inda babu wannan, ko akwai shi amma bututun a bushe yake, dole mota ta juya ta tafi ɗebo ruwa, wutar kuwa ba ta jiran kowa.

Bompai da Sharaɗa da Challawa

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa da fatu ya jawo kamfanoni zuwa gabashin birni, kuma a nan Bompai ta zama unguwar masana'antu ta farko. Daga baya aka yanka Sharaɗa kashi uku a kudu da ganuwa, sannan aka buɗe Challawa can gaba, a yankin Ƙaramar Hukumar Kumbotso ta hanyar Panshekara. A waɗannan wurare ne ake da majemu na zamani da masaƙu da kamfanonin roba da leda da katifa da matatun man girki da injinan shinkafa. Da yawa daga cikin masaƙun sun durƙushe tun daga shekarun 1990, wasu gine-ginen kuma sun koma rumbunan ajiye kaya, wanda hakan bai rage haɗarin wuta ba.

Domin a fahimci gobarar masana'anta, sai an tuna cewa wuta tana buƙatar abu uku: abin da za ta ci, da zafi, da iska. Kashe ta shi ne raba ta da ɗaya daga cikinsu. Ruwa yana kashe wutar itace da takarda da auduga ne ta hanyar sanyaya su. Amma man fetur da man dizal sun fi ruwa rashin nauyi, don haka idan aka watsa musu ruwa sai su hau kansa su malala, wutar ta bi su. Irin wannan sai da kumfa ta musamman wadda ke lulluɓe man ta toshe masa iska. Wutar da ta tashi daga na'urar lantarki kuwa, zuba mata ruwa kafin a yanke layin yana iya kashe mai zubawar, shi ya sa ake amfani da hoda ko iskar da ke cikin tukunyar kashe wuta. A masana'anta guda ana iya samun duk waɗannan a wuri ɗaya: tankin dizal na janareto, da buhunan ƙwayar roba, da gangunan sinadarai, da tarin kwali. Soson katifa da roba idan suna ci sukan fitar da baƙin hayaƙi mai guba, wanda ke sumar da mutum tun harshen wuta bai kai gare shi ba. Hasali ma a gobarar cikin gini, hayaƙi ya fi ƙuna kisa.

Hausawa na cewa gobara daga kogi, maganinta sai Allah. A Challawa maganar ta kusa zama zahiri. Kogin Challawa yana nan kusa da masana'antun, kuma daga gare shi ne aka fara jawo wa Kano ruwan famfo a farkon shekarun 1930. A samansa akwai madatsar Challawa da aka kammala a 1992 a yankin Ƙaraye. Duk da haka, kusancin kogi ba ya kashe wuta. Abin da ke amfani shi ne ruwan da ke cikin tanki ko bututu a harabar kamfanin, da injin da zai tura shi ko da an ɗauke lantarki. Manyan kamfanoni sukan tanadi wannan, wasu har da motarsu ta kashe gobara, wadda akan nemi taimakonta idan abu ya faskara a gari. Ƙananan masana'antu da rumbunan haya su ne suka fi zama cikin haɗari.

Su kansu ma'aikatan ba su tsira ba. A watan Mayu na 2021 wata tankar mai ta kama wuta a wani gidan mai da ke Sharaɗa, ta kuma yi bindiga ana tsakiyar aikin kashe ta. Fiye da mutum 60 ne suka jikkata, ciki har da 'yan kwana-kwana, da kuma mutanen da tsayawa kallo kawai ya kai su wurin.

Sai kuma batun ƙofa. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa kowace masana'anta samar da hanyar tsira idan gobara ta tashi, ta kuma hana a kulle ƙofa ta yadda ma'aikatan da ke ciki ba za su iya buɗewa ba. Ba a banza aka yi wannan doka ba. A birnin New York na Amurka, a 1911, ma'aikata 146, galibinsu 'yan mata, sun rasu a wata masana'antar ɗinki saboda an kulle wasu ƙofofin. A Ikorodu ta Jihar Legas, a watan Satumba na 2002, fiye da ma'aikata 30 sun ƙone a wani kamfanin roba da aka rufe su a ciki suna aikin dare. Dalilin masu kullewa kullum ɗaya ne, wato tsoron sata. A Challawa ma, a watan Yuni na 2020, lokacin kullen annobar korona, 'yan sanda sun fito da ma'aikata fiye da 100 daga wani injin shinkafa inda aka hana su fita tsawon watanni. Ba a yi gobara a wurin ba, amma duk wanda ya san abin da ya faru a Ikorodu ya san irin haɗarin da aka jefa su a ciki.

Aikin da ya wuce kashe wuta

Sunan hukumar yana ɓoye rabin aikinta. 'Yan kwana-kwana na Kano su ake kira idan yaro ya faɗa rijiya, ko ya nutse a kududdufi da damina, ko gini ya rufta, ko mota ta yi haɗari mutane suka maƙale. Wani lokaci ma dabba suke cirowa daga rami. Da jirgin sama ya faɗo a unguwar Gwammaja ranar 4 ga Mayu, 2002, ya hallaka mutum fiye da 100 na cikinsa da na ƙasa, ƙuncin lungunan unguwar ya ƙara wa masu aikin ceto wahala. Haka kuma akwai masu kiran ƙarya, waɗanda ke sa a fitar da mota a ƙone mai a banza, alhali wataƙila ana buƙatarta a wani wuri. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Makaranta ma tana cikin wannan tarihi. A ƙarshen watan Nuwamba na 2015 gobara ta tashi da dare a ɗakin kwanan ɗalibai na makarantar sakandaren 'yan mata ta Jogana, a Ƙaramar Hukumar Gezawa, ɗalibai 7 suka rasu, wasu da dama suka ji rauni wajen rububin fita. Ɗakin kwanan ɗalibai yana da kama da masana'anta ta fuskoki da yawa: mutane masu yawa a wuri guda, ga katifun soso, ga tagogi masu ƙarfen kariya daga ɓarayi, ga ƙofar da akan kulle da dare don tsaro. Malamin da aka ba kula da irin wannan ɗaki yana buƙatar sanin inda mabuɗi yake kwana, da ko ƙofar waje take buɗewa ko ciki, da ko akwai wata ta biyu, da kuma ko ɗaliban sun taɓa gwada fita cikin layi a duhu. Hukumar kashe gobara takan tura jami'anta makarantu su koyar da wannan idan an gayyace su.