Hukuncin mace ta sa wando, da batun kayan masu yi wa ƙasa hidima

Tambaya:

Na gama jami'a, sunana ya fito zan tafi sansanin masu yi wa ƙasa hidima. Babana ya ce bai yarda ba, domin a can ana sa mata wando, kuma Annabi (SAW) ya la'anci mace mai sa kayan maza. Ni kuma ina ganin mata masu addini suna sa wando a ƙarƙashin abaya. Shin duk macen da ta sa wando ta shiga wannan la'anar? Yaya zan yi da babana?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Hadisin da mahaifinki yake nufi ingantacce ne. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas (RA) cewa Annabi (SAW) ya la'anci maza masu kwaikwayon mata da mata masu kwaikwayon maza. A ruwayar Abu Dawud daga Abu Huraira (RA) kuma, tufafi aka ambata ƙarara. Tsoron da yake yi miki yana da tushe, kada ki ɗauke shi rashin wayewa.

Abin da ake buƙatar ganewa shi ne, mene ne kayan maza? Shari'a ba ta jero sunayen tufafi ta raba wa jinsi biyu ba. Annabi (SAW) da sahabbansa mafi yawan suturarsu izari ne da mayafi da riga, izari kuwa shi ne abin da mu nan za mu kira zani. Har yau maza a Yaman da Indunusiya da Somaliya suna ɗaura zani su shiga masallaci, alhazanmu ma shi suke ɗaurawa da harami. A ƙasar Hausa kuwa, namijin da ya ɗaura atamfa ya fita kasuwa kowa ya san sunan da za a kira shi. Wanda ya je Makka ya ga matan Fakistan da Indiya da dogayen riguna da wando mai faɗi, wannan shi ne kayan matansu tun kaka da kakanni. Hafiz Ibnu Hajar ya yi wannan bayanin a Fathul Bari wajen sharhin hadisin Ibnu Abbas: yanayin tufafi yana bin al'adar kowane gari, har akwai mutanen da ɗinkin mazansu da matansu bai bambanta ba, abin da yake rarrabe matan shi ne lulluɓi da suturta jiki.

Mu ma al'adarmu ta motsa. Lokacin da muke yara ba a san macen Bahaushe da wando ba, zani ne da riga da ɗankwali da gyale, a ciki kuma fatari. A wancan zamanin idan malami ya ce wando na maza ne, gaskiya ya faɗa, don babu wandon da aka ɗinka domin mata. Yau makarantun boko da na Islamiyya da yawa riga da wando da hijabi ne kayan ɗalibansu mata, ma'aikatan jinya ma haka a asibitoci da dama, kuma iyayen da suka fi tsantseni su ne suke neman a yi hakan. Imam Ƙarafi, cikin manyan malamanmu na Malikiyya, ya tabbatar a littafinsa Al-Furuƙ cewa hukuncin da aka gina a kan al'ada yana sauyawa idan al'adar ta sauya, kuma ya yi gargaɗi ga mai fatawa kada ya daskare a kan abin da ya tarar a rubuce alhali al'adar da aka gina shi a kai ta wuce.

Sai dai a nan ne wasu suke zamewa. Suna jin al'ada ta sauya sai su ɗauka komai ya halatta. Al'ada tana iya fitar da wando daga zama na maza kaɗai, amma ba ta da ikon taɓa umarnin sutura da ya zo a Suratun Nur aya ta 31 da Suratul Ahzab aya ta 59. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) narko mai tsanani a kan mata masu tufafi a jikinsu alhali tsirara suke, malamai kuma sun sanya shara-shara da matsattsen kaya cikin ma'anarsa. Mai Risala, Ibnu Abi Zaid, shi ma ya hana mata fita da kayan da ke siffanta su. To wando aikinsa ke nan, yana raba ƙafa da ƙafa, yana bin cinya da ƙugu. Macen da ta fita da jins ko wandon roba mai ɗamewa da 'yar riga iya ƙugu ta saɓa, ko da an rubuta a jikinsa cewa na mata ne, ko da ta ɗora ƙaramin hijabi a kai. Kuma wannan aibin bai tsaya ga wando ba. Siket ɗin atamfa da telolinmu suke tsukewa har mace ba ta iya ɗaga ƙafa ta shiga adaidaita sahu ya fi wando mai faɗi muni, amma da yake sunansa siket ba a cika yi masa wa'azi ba.

Wandon da aka sa a ƙarƙashin abaya ko doguwar riga mai yalwa halal ne, ni har ina kwaɗaitar da shi ga mai hawa babur ko mai aikin da ke sa ta sunkuyawa da gaggawa, domin idan iska ta ɗaga riga ko ta faɗi ba a ga komai ba. Akwai hadisin da ake yawan kawowa na addu'ar rahama ga mata masu sa wando. Bai inganta ba, Ibnul Jauzi ya sa shi cikin ƙagaggun hadisai, kada ki kafa wa mahaifinki hujja da shi, ba kya buƙatarsa. A ɗakin miji kuwa ƙofa a buɗe take. A gaban mata da muharramai a bar matsattse, don kunya.

Mu dawo kan sansani. Zaman mako uku ne, kayan da ake bayarwa kaki ne, riga da wando, sai fararen kaya na atisaye waɗanda asalinsu gajeren wando ne. Gajeren wando bai halatta gare ki a gaban maza ba, babu wata fassara a nan. Ki tafi da dogon farin wando mai faɗi da riga mai dogon hannu. Kakin kuma ki nemi wanda ya fi girmanki. Da yawa 'yan mata da sun karɓa sai su kai wa telolin kasuwar sansani a tsuke musu, ke ki yi akasin haka, idan ya matse a buɗa miki. Ki sa hijabi mafi tsawon da za a bar ki da shi. Tun ranar da kika isa ki nemi ƙungiyar Musulmi masu hidima, MCAN, a masallacin sansani, su suka san jami'an wurin da yadda ake magana da su. Idan kin yi iyakar ƙoƙarinki aka tilasta miki abin da bai kai yadda kike so ba a lokacin fareti, ki tsaya iya gwargwadon larura, da an tashi ki mayar da suturarki. Bayan sansani ba kullum ake sa kaki ba.

Game da mahaifinki, kada ki tafi a kan fushinsa, kada kuma ki tsaya gardama da shi kamar a aji. Ki ɗinka kayan, ki sa su da hijabinki ya gani da idonsa. Ki roƙi mahaifiyarki ko baffanki ko limamin unguwarku su zauna da shi, a bayyana masa cewa takardar kammala hidimar ana nemanta wajen ɗaukar aiki, kuma asibitocinmu da makarantunmu suna buƙatar mata irinki. Sau da yawa abin da uba yake tsoro ya wuce wando: nisan gari ne, da cuɗanya da maza, da hanya. Ki tambaye shi a hankali. Idan wannan ne, hukumar tana karɓar neman sauyin jiha bisa wasu dalilai, kamar aure da rashin lafiya, sai ku duba ko kina cikin waɗanda ya shafa, ba tare da ƙarya ko takardar bogi ba.

Wallahu a'alam.