Masaukin Ɗan Cin Rani

Da an gama girbin gero da wake, samarin Gangara da ƙauyukan Sabon Birni da Isa kan tafi cin rani, wasu Kano, wasu har Ibadan. Matsalar farko ita ce makwanci.

A unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, an daɗe baƙo na sauka gidan fatoma. Shi ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa in rigima ta taso. Shi ya sa, a ganina, amanar mai masauki ta fi arahar ɗaki.

Sai a duba ruwa da nisan wurin aiki. Mai kwana a zaure a Kano ya tanadi bargo saboda hunturu. Haya kuwa a biya ta wata-wata, tunda da faɗuwar damina za a koma gona.