In Hoton Talabijin Ya Ɗauke

Mutane da yawa a ƙauyukanmu sun yi asarar kuɗi a kan talabijin ba gaira ba dalili. Wani in hoto ya ɗauke, sai ya ɗora ta a kan babur ya kai birni wurin mai gyara. Ya biya kuɗin mai, ya biya kuɗin gyara, ya komo gida, hoto kuwa bai zo ba. Wani ma har akuya ya kan sayar ya sayi sabuwa. Alhali kuwa sau da yawa talabijin lafiyarta lau. Laifin yana ga eriya, ko ga waya, ko ga wajen da eriyar ta fuskanta. Yau za mu koyi yadda a ke gane wannan, domin kuɗinmu ya zauna a aljihunmu.

Abin da ya sake

An fara talabijin a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, sa'an nan a Kaduna cikin 1962. Shekara da shekaru ana aiko da hoto ta tsohuwar hanya, wadda a ke kira analog. Cikin 2006 ƙasashe suka taru a birnin Janiba, suka yi yarjejeniya za a koma sabuwar hanya, watau dijital. Suka sa ranar 17 ga Yuni 2015 ta zama wa'adi. Nijeriya ba ta cika wa'adin ba, amma ta soma aikin jiha-jiha. An fara da Jos ran 30 ga Afrilu 2016. Abuja ta biyo baya a ƙarshen shekaran nan, Kaduna cikin Disamba 2017, Kano kuma cikin Nuwamba 2021.

Me ya sa aka sake? Ku ɗauka hanya ce guda ɗaya. Dā jaki ɗaya ke bin ta da buhu ɗaya. Yanzu mota ke bin ta da buhu fiye da goma. Haka nan layin da dā ya ke ɗaukar tasha ɗaya, yanzu yana ɗaukar tashoshi fiye da goma. Wurin da ya ragu kuwa sai a ba masu aikin wayar hannu.

Tsohuwar talabijin ba ta jin harshen dijital. Saboda haka tana bukatar tafinta. Tafintan nan shi ne ɗan akwatin da a ke kira dikoda. Eriya ta kamo, ta miƙa wa dikoda, dikoda ta fassara wa talabijin. Ba sai an yar da tsohuwar talabijin ba. Waɗansu sababbi kuwa da tafintansu a ciki. In kun ga an rubuta DVB-T2 a bayanta ko a kwalinta, to, tana iya kama tashoshin da ba a kulle ba. Ku lura, maganar eriya mu ke yi. Faranti mai kama tauraron ɗan'adam aikinsa dabam ne.

Halin dijital

Dā in eriya ba ta kama sosai ba, hoto ya kan zo da ɗige-ɗige kamar an watsa tsaki, amma dai ana gani, ana ji. Dijital ba ta san wannan ba. In abin da eriya ta kamo ya isa, hoto ya fito tangaran. In ya ragu kaɗan, sai hoto ya tsaya cik, ko ya farfashe gida-gida, murya tana yankewa. In ya ƙara raguwa, sai ya ɗauke ɗungum. Don haka eriyar da a ka daɗe ana lallaɓawa da ita, yau tana iya gazawa. Mai gida sai ya ce dikoda ce ba ta da kyau, nan kuwa eriyarsa ce ta tsufa.

Yadda za mu bincika

Mu fara da abin da ba ya cin ko kwabo, mu bi ɗaya bayan ɗaya.

1. Mu tambayi maƙwabta. Matambayi ba ya ɓata. In duk unguwa hoto ya ɗauke, laifin daga tasha ne. Sai haƙuri, kada a taɓa kome. In gidanmu kaɗai ne, sai mu ci gaba.

2. Mu duba tsakanin dikoda da talabijin. Wayoyi uku ne: rawaya ta hoto, ja da fara na murya. Kowace ta shiga rami mai launinta. Sa'an nan a danna AV a jikin rimot na talabijin. In sunan dikoda da rubutunta sun fito, wannan gefe lafiya lau. In kuwa dikoda ta rubuta "No Signal" da Turanci, ma'anarsa ba abin da ke zuwa mata daga eriya.

3. Mu duba wayar eriya tun daga ɗaki har bisa. Wayan nan tana da jan ƙarfe guda a tsakiya, da saƙar siraran wayoyi kewaye da shi. Kada ko sili ɗaya na saƙar ya taɓa na tsakiya, in ya taɓa hoto ya tafi. Rana ta kan fasa fatar waya, ruwan sama ya shiga, ƙarfe ya yi tsatsa. Ɓera kuma ya kan ci ta. Wayar da ruwa ya shiga ba ta gyaruwa, sai a sake ta. A sayi guda mai kauri, ba haɗe-haɗe, kuma kada ta wuce tsawon da a ke bukata, gama kowane ƙarin tsawo yana rage ƙarfi.

4. Mu duba inda eriya ta fuskanta. Eriya tana da sanduna jere kamar ƙayar kifi. Gefen gajerun sanduna shi ne gaba, shi zai dubi garin da hasumiyar tasha ta ke. Iskar farkon damina ta kan juya ta ba a sani ba. A dubi na maƙwabtan da ke samun hoto mai kyau: ina suka fuskanta, kuma sandunansu a kwance su ke ko a tsaye? Sai a yi tamu kamar tasu.

5. Mu ɗaga ta sama. Dutse, da dogon gini, da babban itace duk suna tare hanya. Mangwaro ko darbejiya in sun cika da jiƙaƙƙen ganye sun fi tarewa. Rufin kwano kuma yana hana ƙaramar eriya ta cikin ɗaki aiki. In muna nesa da tasha, sai eriyar waje a kan doguwar gora ko bututun ƙarfe, a ɗaure ta tam.

6. Mu sa dikoda ta sake neman tashoshi. Lokacin sauyi a kan ƙaurar da tasha daga wannan layi zuwa wancan. Dikoda kuwa tana can tana nemanta a tsohon gida. A shiga "Menu", a zaɓi "Auto Search", a jira har ta gama. Kada a kashe wuta tana cikin nema.

Juya eriya aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana waje riƙe da gora, ɗaya yana ɗaki yana kallo. A cikin dikoda akwai shafi mai layi biyu, ɗaya na ƙarfi, ɗaya na inganci. Na inganci shi ya fi muhimmanci. Na waje ya juya kaɗan, ya tsaya ya ƙirga goma, domin dikoda ba ta amsawa nan take. Inda layin inganci ya fi tsawo, nan za a ɗaure.

Waɗansu abubuwa kuma

In hoto yana farfashewa sa'ad da a ka ta da janareto kaɗai, a nisanta shi da eriya da wayarta. In waya ɗaya a ka raba wa ɗaki biyu, kowane ɗaki bai sami ko rabin ƙarfin ba. Akwai abin ƙara ƙarfi da a ke kira busta. Tana taimakon na nesa, amma sai da wuta ta ke aiki, kuma ba ta gyara ruɓaɓɓiyar waya. Na kusa da tasha in ya sa ta, tana iya ɓata masa hoto. Waɗansu dikododi kuma na biyan kuɗi ne. In wa'adi ya cika sai tashoshi su kulle, ko da eriya lafiyarta lau.

Rai ya fi hoto

Wannan shi ne babban gargaɗi. Kada a kafa eriya kusa da wayar lantarki. A bar tazarar da ko gorar ta faɗi ba za ta taɓa wayar ba. Kada a hau rufi ana ruwa, ko da dare, ko hadari ya taso. Kada a aiki yaro ya hau. In an soma walƙiya da tsawa, a kashe talabijin, a zare filogi, a zare wayar eriya tun hadari bai iso ba. Kada kuma a buɗe bayan talabijin. Tsohuwar nan mai ƙaton baya tana riƙe wuta a cikinta ko an kashe ta.

In mun bi duk waɗannan hoto bai zo ba, sai mu ɗauki dikodarmu mu gwada a gidan maƙwabci mai eriya mai kyau. In ta yi aiki can, laifin eriyarmu ne. In ta ƙi, to, sa'an nan ne za a nemi mai gyara. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

Tambayoyi

1. A wane gari a ka fara dijital a Nijeriya, kuma a wace shekara?
2. Mene ne aikin dikoda?
3. Wane gefen eriya ne ke duban tasha?
4. Me ya sa ba a kafa eriya kusa da wayar lantarki?
5. Rubuta abu uku da za ka duba kafin ka je wurin mai gyara.