Girman Nono ga Namiji: Abin da Na Ɓoye Shekara Bakwai a Ƙarƙashin Riga

Duk wanda yake Haɗejiya a damunar 2022 ba zai manta da kwanakin jinga ba. Kogi ya cika ya batse, ruwa yana neman shigowa gari, matasa sun fito dare da rana ana cika buhuna da ƙasa ana jerawa. Kowa ya tuɓe, daga shi sai gajeren wando. Ni kuwa ina cikinsu da matsattsiyar singileti, da riga a kanta, da wata 'yar rigar sanyi a sama, gumi sai zuba yake kamar an sheƙa mini ruwa. Wani dattijo ya dube ni ya ce, "Yaro, zazzaɓi kake yi ne?" Na ce, "E, Baba." Wallahi ƙarya na yi. Nono ne da ni a ƙirji tun ina shekara 14, kuma a lokacin na gwammace zafi ya kashe ni da wani ya gani.

Bara aka yi mini aiki aka cire. Na yi shawarar rubuta wannan ne saboda na san a makarantar nan akwai irina: masu wanka sai dare ya raba, masu tafiya a duƙe, masu gudun ƙwallo don kada a ce ɓangarensu ne zai tuɓe riga. Abin yana da suna a asibiti, an san dalilinsa, kuma ana maganinsa.

Mene ne shi?

Likitoci suna ce masa gainakomastiya. Kowane namiji yana da ɗan ƙaramin naman nono a ƙarƙashin kan nononsa, sai dai a kwance yake ba ya girma. A jikin kowa kuma akwai sinadarai da ake kira homon. Na maza shi ne testostiron, na mata istirojin, amma kowane jinsi yana da duka biyun, yawansu ne ya bambanta. Idan na mata ya ɗan rinjayi na maza a jikin namiji, ko da na ɗan lokaci ne, sai wannan naman ya farka ya fara girma, a gefe ɗaya ko duka biyun.

Sau uku aka fi ganin haka a rayuwa. Na farko a jarirai: fiye da rabin jarirai maza ana haihuwarsu da ɗan kumburin nono saboda homon ɗin uwa, wani har ɗan ruwa yake fitarwa. Yana bajewa da kansa cikin makonni. Matsewar da kakanninmu suke yi wai don a fitar da ruwan ita ce take jawo ƙurji, don haka a bari. Na biyu lokacin balaga, musamman shekara 13 zuwa 14, inda kusan rabin yara maza suke jin wani ɗan gudaji mai zafi a ƙarƙashin kan nono. Ga mafi yawansu yana ɓacewa cikin wata 6 zuwa shekara 2. Na uku bayan shekara 50, lokacin da homon ɗin maza ya fara ja baya.

Ka ga ke nan, a ajinmu na sakandare, cikin masu ce mini "kai ma ka fara ƙirgar dangi?" akwai da yawa da suka yi irinsa. Nasu ya baje, nawa ya zauna, bambancin ke nan kawai.

Akwai kuma wanda kitse ne zalla saboda ƙiba. Ga yadda za ka ɗan gwada: ka kwanta rigingine, ka sa babban yatsa da manuniya ka tattaro naman daga gefe zuwa kan nono. In ka ji wani faifai mai ɗan tauri kamar roba daidai ƙarƙashin kan nonon, naman nono ne. In laushi kawai ka ji har yatsunka suka haɗu, kitse ne, kuma rage ƙiba zai taimaka. Amma hukuncin ƙarshe na likita ne.

Abubuwan da suke jawo shi

Ban da balaga, akwai magunguna. Sipironolakton da ake ba masu hawan jini da kumburin jiki, simetidin na gyambon ciki, ifabirenz cikin magungunan cutar ƙanjamau, da wasu magungunan taɓin hankali, duk an san suna iya jawo shi. A Amurka, dubban mutane sun kai kamfanin Johnson & Johnson kotu a kan maganin Risperdal, suna cewa ba a yi isasshen gargaɗi ba cewa yana sa yara maza fitar da nono. Sai dai kada kowa ya daina shan maganin da likita ya rubuta masa don ya karanta wannan. Ka koma wurinsa, sau da yawa akwai wanda za a canza maka.

Sai abin da ya fi shafar mu matasa. Allurai da ƙwayoyin ƙara ƙwanji da wasu masu ɗaga ƙarfe suke sha, jiki yana juya wani kasonsu zuwa homon ɗin mata. Mutum ya je neman faffaɗan ƙirji ya dawo da nono. Giya tana jawo shi, daɗewa ana shan tiramol da kodin yana rage homon ɗin maza, ita ma wiwi ana danganta ta da shi. Kitse da kansa yana juya homon ɗin maza zuwa na mata, shi ya sa ƙiba take ƙara abin.

Wani lokaci kuma nonon ɗan aike ne, saƙon wata cuta yake kawowa: ciwon hanta da ya yi nisa, ciwon ƙoda, cutar maƙoƙo mai sa rama da bugun zuciya, lalacewar 'ya'yan maraina bayan hangum ko kuturta, ko tsiro a maraina. Akwai kuma wata lalura ta halitta da ake kira Kilainfelta, wadda take zuwa da ƙananan maraina da matsalar haihuwa. Mu 'yan wannan yanki, daga Haɗejiya har Nguru da Gashuwa, mun san yadda ciwon ƙoda ya ɗauke mana mutane, ciwon hanta kuma ba baƙo ba ne a gidajenmu. Saboda haka baligin da nono ya fito masa rana tsaka, gwajin jini ya kamata ya fara nema kafin tunanin aiki.

Alamun da ba a jira

Maza ma suna kamuwa da sankarar mama. Ba ta da yawa, kusan mutum 1 cikin 100 na masu ita namiji ne, amma maza sun fi zuwa asibiti a makare saboda kunya. Ka tafi asibiti cikin makon nan idan gudajin yana da tauri kamar dutse kuma ba ya motsi, ko a gefe ɗaya yake kuma ba daidai ƙarƙashin kan nono ba, ko jini yana fita, ko kan nonon ya shige ciki, ko fatar ta lotsa ko ta yi gyambo, ko kaluluwa ta fito a hammata, ko ka ji ƙari a maraina. Wanda yake da mahaifi ko kawu mai irin wannan, ya raka shi.

Hanyoyin da na bi na yi asara

Na yi atisayen ƙirji har hannuna yana rawa. Tsokar ta girma ta ƙara turo nonon waje, don motsa jiki kitse yake ƙonawa, ba ya taɓa naman nono. Na ɗaure ƙirji da bandeji har fata ta saɓule. Na sayi wani mai a Facebook wai yana narkar da shi cikin kwana 14, kuɗin abincina na wata ya tafi a banza. Wata gwaggota ta ce a gasa da muciya mai zafi, wani ya ce a kai ni wurin wanzami a tsaga. Allah ya taimake ni ban yarda ba, don abin da hakan yake bari shi ne ƙuna da tabo da ƙwayoyin cuta.

Abin da ban sani ba shi ne lokaci yana da muhimmanci. A watannin farko, yayin da naman yake sabo yana zafi, likita yana iya gwada magani irin tamokzifen. Idan ya wuce kamar shekara guda, naman yakan taurare ya zama kamar jijiya, magani ba ya yi masa komai. Shekarun da na ɓata ina ɓoyewa su suka sa aiki ya zama hanyata ɗaya tilo.

Shin ya halatta?

Wannan ita ce tambayar farko da mahaifina ya yi ranar da na daure na nuna masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ba canza halittar Allah ba ne?" Muka je wurin malaminsa. Malam ya bambanta mana gyaran aibi da neman ƙarin ƙawa, ya kawo labarin sahabi Arfaja wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Manzon Allah (SAW) ya ba shi izinin sa na zinare. Daga baya na gano Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zartar da irin wannan matsayi a zamanta na ƙasar Malesiya a 2007: aikin da zai mayar da gaɓa yadda aka saba ganinta, ko ya kawar da aibin da yake cutar da mutum a jiki ko a rai, ya halatta.

Aikin ma tsoho ne. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu a wajajen 1013, ya yi bayaninsa a littafinsa At-Tasrif: a yi yanka mai siffar jinjirin wata, a cire abin da ya taru, a ɗinke.

Yadda aikin yake

Za ka iya farawa daga asibitin makaranta ko Babban Asibitin Haɗejiya, su duba ka, su tura ka gaba in da buƙata. Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da likitocin tiyata da suka saba da irin wannan. Kafin a taɓa ni sai da aka duba maraina, aka yi gwajin hanta da ƙoda da homon, aka ɗauki hoton ƙirjin da na'urar sikanin. Komai ya fito lafiya. Likitan ya ce, "Samari, naka ragowar balaga ne. Ba ruwansa da mazantakarka ko haihuwarka." Na daɗe ban ji maganar da ta sanyaya mini rai kamar wannan ba.

Ranar aiki ba a cin komai tun dare. Likita ya zana ƙirjina da alƙalami ina tsaye, aka yi mini allurar barci. Ana yanka rabin da'ira ne a gefen ƙasa na baƙin zagayen kan nono, ta nan ake ciro naman, don tabon ya ɓuya a inda baƙi ya haɗu da fata. Ana barin ɗan kaɗan a ƙarƙashin kan nonon don kada wurin ya lotsa. Mai kitse da yawa ana haɗa masa da zuƙe kitse da na'ura, wanda nasa ya yi girma har ya zubo kuma sai an rage fata, tabonsa ya fi tsawo. Aikin yakan ɗauki awa 1 zuwa 2. Abin da aka ciro ana kai shi ɗakin gwaji a tabbatar babu wata cuta.

Na farka da bandeji da 'yar roba mai fitar da ruwa a kowane gefe, aka cire su bayan kwana biyu. Zafin kamar na wanda aka yi wa duka ne, magani yana kwantar da shi. Sai rigar matsi da ake sawa dare da rana mako 4 zuwa 6, ba ɗaukar kaya, ba ƙwallo, ba noma. Shawarata, a sa aikin lokacin hunturu kuma cikin hutu. Rigar matsi a zafin Afrilu na Haɗejiya azaba ce ta daban.

Kada a ce ban faɗi haɗarin ba. Jini ko ruwa yana iya taruwa sai an zuƙe, wurin yana iya ruɓewa, gefe ɗaya yana iya ɗan fin ɗaya, kuma mu baƙar fata mun fi yin tabo mai tudu. In ka san tabonka yana kumbura, ka gaya wa likita tun farko. Ni kan nonona na hagu ya yi wata biyar ba na jin taɓawa sosai. Wanda ya koma wa allurar ƙwanji ko shaye-shaye kuwa, abin yana iya dawowa. Batun kuɗi kuma, ka nemi a rubuta maka jimillar komai, gwaji da aiki da gado da magani, kafin a sa rana. Nawa, shinkafar da muka noma a fadama aka sayar. Kada arha ta kai ka ɗakin bayan kemis.

Ba kowa ne sai ya yi aiki ba. Wanda aka duba aka ga lafiyarsa ƙalau, kuma abin bai dame shi ba, ya yi zamansa, babu laifi.

Gare ku masu tsokana

Mun san kalmomin: ɗan daudu, mata-maza, "a sayo maka rigar mama". Ana faɗa ana dariya a hostel, a manta kafin la'asar. Wanda aka gaya wa kuwa da ita zai kwana. Ni saboda irin waɗannan na daina wanka a kogi tun ina aji uku, na daina tsayawa sahun gaba, na ƙi zuwa asibiti lokacin da magani zai iya yi mini aiki. In ka lura da abokin ɗakinka yana fama, kada ka taɓa, kada ka nuna. Ka ajiye masa wannan mujalla a kan katifarsa. In ya buɗe maka ciki, ka raka shi asibiti. Ƙanenmu da suke gida 'yan shekara 13 kuma a gaya musu gudajin nan yawanci wucewa yake, in ya kai shekara bai ragu ba a kai su likita.

A hutun da ya wuce na bi abokaina su a fadamar garinmu, na tuɓe riga na shiga ruwa. Babu wanda ya ko kalle ni, kowa ta kifinsa yake. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba mu sa'ar jarrabawa.