Shin Ko Kun San? Abin Da Albasar Wurno Ke Yi Wa Hanci Da Harshe

Shin ko kun san albasa da tafarnuwar da ake lodi daga fadamun Wurno, Rabah da Goronyo ba sa sakin ƙarfin warinsu sai an ji musu rauni? Ku shinshina tafarnuwar da ba a ɓare ba, da ƙyar za ku ji wani abu. Ku jefa ta a turmi, kafin taɓarya ta sauka sau uku gida ya ɗauka. A cikin naman tafarnuwar akwai wani sinadari mai farar wuta a ajiye gefe guda, da wani mai sarrafa shi a ɗaya gefen. Daka ne ke haɗa su, nan take su haifi alisin, wanda Chester Cavallito ya fara tacewa a Amurka a 1944.

Ita kuwa albasa tana da ƙarin makami. A 2002 Shinsuke Imai da abokan aikinsa a Japan suka gano sinadarin da ke ƙera iskar nan mai tashi daga wuƙa ta tsokani jijiyoyin ido har hawaye su zubo. Wuƙa mai kaifi tana rage ɓarnar, haka ma sanyaya albasar kafin yanka. Ƙasa mai yawan farar wuta kuma ta fi ba da albasa mai yaji.

Shin ko kun san a can ƙuryar saman hanci akwai ɗan fili da miliyoyin ƙwayoyin jijiya suka cika, kowace da gashinta tsome cikin majina? A jikin gashin ne ake samun makarɓan ƙamshi, wato wasu furotin da ke cafke abin da iska ta kwaso. Linda Buck da Richard Axel ne suka gano ƙwayoyin gadon da ke ƙera su a 1991, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2004. Mutum yana da makarɓai iri kusan 400, ɓera fiye da 1,000, giwar Afirka wajen 2,000. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kowace ƙwayar jijiya iri ɗaya tak take zaɓa ta riƙe. To, yaya iri 400 ke rarrabe ƙamshin da ba ya ƙirguwa? Ƙamshi ɗaya yakan tayar da makarɓai da dama, makarɓi ɗaya kuma yakan amsa wa ƙamshi da dama, sai ƙwaƙwalwa ta karanta haɗin, kamar yadda baƙaƙe kaɗan ke tada kalmomi dubbai. Da haka uwar gida ke gane miya ta kama tun tana tsakar gida.

Wasu daga cikin makarɓan da ke jin warin farar wuta ba sa aiki sosai sai da taimakon ɗan ɓurɓushin jan ƙarfe da ke cikin jiki. An nuna haka a ɓera a 2012, a mutum a 2016.

Shin ko kun san harshe ɗanɗano biyar aka tabbatar yana rarrabewa? Zaƙi, ɗaci, tsami, gishiri, sai umami, wanda Kikunae Ikeda ya bayyana a Tokiyo a 1908 bayan ya tace sinadarin gulutamet daga ciyawar teku. Wannan na biyar ɗin kakanninmu sun daɗe da sanin hanyarsa. Idan aka dafa kalwa aka rufe ta kwana biyu zuwa uku, ƙwayoyin bakteriya suna farfasa furotin ɗinta, gulutamet ya fito fili. Garɗin da daddawa ke sa wa miyar kuka ke nan, kuma makarɓin da take taɓawa shi ɗanɗanon kanti ke nema. Mai daddawa a kasuwar ƙauye ta cancanci girmamawa fiye da yadda muke ba ta.

Zanen da ake koya wa yara cewa zaƙi a bakin harshe yake, ɗaci a can baya, kuskure ne. Duk inda ƙwayoyin ɗanɗano suke, ana jin biyar ɗin.

Makarɓin zaƙi iri ɗaya ne, na ɗaci kuwa kusan 25, domin yawancin gubar tsirrai ɗaci gare ta, jiki kuma yana buƙatar masu gadi da yawa. Ba kowa ya gaji masu gadin da ƙarfi ɗaya ba: abin da ya yi wa wani ɗaci a ganyen kabeji, wani lami zai ji shi. Kyanwa ma ba ta san zaƙi ba sam, ƙwayar gadon makarɓin zaƙi ta lalace a zuriyarta.

Shin ko kun san yajin barkono ba ya cikin ɗanɗano? Zafi ne. A 1997 David Julius ya gano makarɓin TRPV1, wanda aikinsa shi ne faɗakar da jiki idan zafi ya haura kimanin digiri 43. Sinadarin barkono yana buɗe shi ko da tuwon ya huce, sai gumi ya karyo. Ruwa ba ya wanke sinadarin, nono da madara sun fi. Tsuntsaye ba sa jin wannan zafin, su ci barkono su yaɗa irinsa. Ɗanyar tafarnuwa kuwa ɗan'uwan wannan makarɓin take tsokana, TRPA1, kuma wuta tana kashe alisin, shi ya sa dafaffiya ba ta cizo.

Ƙamshin da ke tashi ranar da ruwan farko ya sauka, manoma suka fito da shirin shuka, na wani sinadari ne mai suna jiyosmin da bakteriyar ƙasa ke yi. Hancin mutum yana kama shi ko da ƙanƙanin da ya wuce misali. Shi ne dai ke sa wata tarwaɗar ta yi ɗanɗanon laka, ko ta madatsar ruwan Goronyo ce ko ta tafkin bayan gari.

Yawancin abin da muke kira daɗin abinci ƙamshi ne da ke hawa hanci ta bayan maƙogwaro lokacin tauna. Shi ya sa mai mura ke cewa miya ba ta yi ba, alhali mai girki ba ta canza komai ba. A 2020 cutar korona ta ɗauke wa miliyoyin mutane jin ƙamshi, akasarinsu ya dawo, domin jijiyoyin hanci suna cikin ƙalilan da ke sabunta kansu har tsufa.

Kada a raina wannan rashin. Gas ɗin girki ba shi da wari, da gangan ake zuba masa sinadari mai farar wuta don hanci ya ankarar da mu idan yana tsiyaya. Wanda ba ya jin wari ba zai ji shi ba, ba zai ji hayaƙi ko naman da ya lalace ba. Idan ku ko wani dattijo a gidanku ya yi makonni ba ya jin warin albasa alhali babu mura, a je a ga likita.